Telan da Ya Karye Ba Tare da Ya Faɗi Ba

Na san wasunku za su ce na ƙara gishiri, amma ƙashin mutum yana iya karyewa ba tare da ya faɗi ko wani abu ya buge shi ba. Shekara talatin na yi ina koyarwa, ban taɓa faɗa wa ɗalibi abin da ban tabbatar ba, kuma ba a kanku zan fara ba.

Akwai wani tela a bayan layinmu, magidanci mai 'ya'ya huɗu, da ya kamu da son gudun fanfalaki bayan ya haura arba'in. Da keken ɗinki na ƙafa yake ciyar da gidansa. Ƙafar daman da ke taka feda tun safe har la'asar, ita ce kuma ke dukan kwalta kilomita goma sha biyar kowace asuba, babu hutun ko kwana ɗaya.

Cikin abokan gudunsa akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin gidan waya, mai hutawa kwana biyu a mako, kuma kullum shi ne na ƙarshe. Tela ne ya raɗa masa suna Baba Sannu. In ya zo wuce shi, sai ya tambaye shi ko a aiko masa da kujera.

Saura wata guda a yi babban tsere, Tela ya fara jin ciwo a ƙwaurinsa na dama. Dattijon ya lura da ɗingishin, ya zaunar da shi a bakin kwalbati, ya bi ƙashin da yatsa. Da ya danna wani ɗan wuri, Tela ya zabura.

"Ɗana, ciwon nama yawo yake yi. Wannan da ya tsaya wuri ɗaya, ina jin ƙashi ne ya fara tsagewa. Ka je a ɗauki hoto, ka ajiye takalmin nan mako shida."

"Baba, ku da kuka saba da hutu, ai sai ka huta har da nawa."

Da yake tela ne, sai ya ɗauki ƙafar tamkar rigar da ta farke. Ya yanko roba mai faɗi a shago, ya ɗinka wa ƙwaurin maɗauri mai matsewa, ya riƙa haɗiyar maganin kashe ciwo kafin ya fita. Maiɗakinsa ta lura ya koma taka keken da ƙafar hagu, har ɗinkinsa ya fara karkacewa. Ta yi magana, ta yi roƙo, ta gaji ta zuba masa ido.

Bai ma kai ranar tseren ba. Wata Talata, a kan shimfiɗaɗɗen titi marar ko rami ɗaya, ya ji ƙas, kamar an karya busasshen kara. Ya sulale ya zauna. Abokan da suka iske shi ya ce musu igiyar takalmi yake ɗaurewa, suka wuce. Kunya ta hana shi kiransu.

Can sai ga Baba Sannu. Ya cire rigarsa, ya samo ɗan katako ya ɗaure ƙafar, ya tare mota.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙafar, likita ya nuna musu, ya ce tsagewar ta yi makonni, maganin kawai ya rufe wa ciwon baki ne. Aka sa ƙarfe a ƙashin, aka hana shi taka feda wata biyar.

Aka lulluɓe keken da tsohon zani. Maiɗakinsa ce ta riƙa bi gida-gida tana mayar wa mutane yadinsu ko yankawa ba a yi ba, tana ba da haƙuri. Da dama sun koma wurin wasu teloli, ba su dawo ba har yau.

Ranar da dattijon ya zo dubiya, Tela ya kasa haɗa ido da shi.

"Baba, ka faɗa mini."

"Na faɗa, ban faɗa ba, yanzu duk ɗaya ne. Ɗora ƙafar a kan matashi, ta kumbura."

Darasi: Ciwon da ya tsaya wuri ɗaya a ƙashi saƙo ne, ba a toshe masa baki da ƙwaya, kuma wanda ya raina hutun mako shida yana iya yin na wata biyar a kan dole. Ku tura wa duk mai gudun da kuka sani. Mai shakka kuma ya tambayi Baba Sannu, yana wucewa ta ƙofar makarantarmu da sassafe, in ba ranar hutunsa ba.