Guguwar da Ta Tsaya a Bakin Rijiyarmu

Yabo da ɗaukaka su tabbata ga Allah Uba Maɗaukaki, wanda ba ya barin garkensa babu makiyayi, ko da garken bai wuce gidaje ashirin da ɗaya a gindin dutse ba, irin namu da ke tsakanin Rano da Kibiya. A cikin bayinsa da ya yi mana baiwa da su ban san kamar malaminmu ba, dattijo adali, masani mai tawali'u, amintaccen bawan Yesu Almasihu, wanda ba zan rubuta sunansa ba domin shi da kansa ya hana, mu dai Baba Malam muke ce masa. Shekara arba'in da wani abu yana koyar da Maganar Allah a 'yar majami'armu ta jar ƙasa, shi ya koya wa iyayenmu karatu, shi ya yi mana baftisma, kuma maƙwabtanmu Musulmi idan rikicin iyakar gona ya gagara sukan ce a kira shi, domin sun shaida bai taɓa karkata harshensa don kowa ba. Ya binne matarsa da 'ya'yansa uku a cikin shekara bakwai, amma babu wanda ya taɓa jin ya fasa addu'ar safe ko sau ɗaya.

Ni ne Sila ɗan Ɗantsoho. Shekara tara na yi ba na gida. Na yi leburanci a Abuja, na yi acaɓa a Kaduna, na ƙare a wajen masu gini a Fatakwal, ko'ina na je sai in ji kamar can gaba ya fi. Da na dawo a bazarar shekarar da ta wuce, abin da na shigo da shi jaka ce ɗaya da injin ban-ruwa da na saya na hannu, sai kuma baki. Komai na unguwarmu na raina shi. Ranar Lahadi ma a bencin baya nake zama, kusa da ƙofa, don in riga kowa fita.

Muna da al'ada, kowace shekara kafin ruwan farko ya sauka ana yasar rijiyar unguwa. Gaba goma sha ɗaya ce, kakanninmu suka haƙa ta. Maza sukan yi kwana biyu suna ja da guga har ruwan ya ƙare, sa'an nan Baba Malam ya yi addu'a, a kunna fitilar ƙwai a ɗaura mata igiya a zura ta har ƙasa. Idan ta dawo tana ci, mutum ya sauka ya kwashe laka. Idan ta mutu, a ɗaure ganyen darbejiya a igiya a yi ta zurawa ana ɗagowa har iskar ciki ta canza. Mai sauka kuwa tun ina yaro wana ne, Yaya Irimiya, domin ba shi da jiki, ba shi da tsoro.

A waccan shekarar an sa ranar Asabar. Ranar Alhamis Baba Malam ya hau kekensa ya tafi wani ƙauye wajen Lausu duba mara lafiya, ya ce sai gobe da yamma. Ni kuwa na ga dama ta samu. Na ce wa Yaya aikin kwana biyu injina zai yi shi kafin a gama dama kunu, malam ya dawo ya tarar an gama. Matarsa Tabita tana surfe tana jinmu, ta ce, “Ɗan birni, wannan abin naka ruwa yake ja ko surutu? Tun da ka zo ban ga ya ja komai ba sai yara.”

Na ce, “Ki tanadi randunanki, matarmu. Yau za ki daina raina ni.”

Da hantsi muka kai injin bakin rijiya. Sai ga matsala, daga sama ya ƙi jawo ruwa, zurfin ya yi masa yawa. Maimakon in haƙura, sai na tayar da shi, na ɗaure shi da igiya biyu, muka zura shi ciki yana ruri har ya rataya daf da ruwa. Nan take tiyo ya cika ya fara feshi, mata suka yi guɗa, ni kuwa ƙirjina ya buɗe kamar ni na haƙa rijiyar. Kafin rana ta take, ruwan ya koma iya idon sawu. Yaya ya tuɓe riga. Babanmu ya ce, “Fitilar fa?” Na ce, “Baba, a Fatakwal ramin da ya fi wannan muke shiga da inji a ciki.” Ba ƙarya na yi ba, sai dai ramukan can na harsashin gini ne, faɗinsu ya kai filin sussuka, iska tana ratsa su ta ko'ina. Wannan bambancin bai zo mini a rai ba ko kaɗan. Na kuma ce a bar injin yana aiki don kada ruwa ya sake tarowa.

Yaya ya sauka yana taka ramukan jikin bango, yana rera waƙar sujada. Ya turo bokitin laka na farko, ya turo na biyu. Na uku muka zura, muka jira a girgiza igiya, ba a girgiza ba. Waƙar ma ta tsaya, ban san yaushe ba, ƙarar injin ta rufe komai. Na kira, Baba ya kira. Tabita ta ruga ta ɗauko madubinta ta haska rana a ciki, sai muka hango shi ta cikin wani shuɗin hayaƙi, a zaune cikin laka, ya jingina da bango, kansa ya faɗo a ƙirji, hannuwansa a sake.

Ihun da Tabita ta yi har yau yana cikin kunnena. Ni kuwa na sandare. Babanmu, tsoho mai shekara saba'in, ya cire hula ya jefar, ya ɗora ƙafa a kan bakin rijiya zai shiga.

“Kada kowa ya sa ƙafa.”

Muka juya, sai ga Baba Malam yana jingine kekensa a jikin darbejiya, ƙafafunsa fari fat da ƙura. Mutumin da ya ce sai gobe. Babu wanda ya aika masa, ba ya kuma riƙe waya. Daga baya mutanen gidan da ya je suka gaya mana an ajiye masa abinci ya wanke hannu ke nan, sai ya miƙe ya ce ana nemansa a gida.

Bai ɗaga murya ba, bai tambayi wanda ya yi wannan aiki ba. Ya ce a jawo injin, aka jawo, na kashe shi da hannuna yana ƙona ni ban ji ba. Ya ce a kunna fitila a zura. Ba ta kai rabi ba ta mutu. Ya sa samari suka karyo ganye suka shiga zurawa suna ɗagowa, aka sake zura fitilar, ta sake mutuwa a wuri ɗaya. Ranar kuwa irin ranakun bazara ne da ko ganye ba ya motsi, zafi ya danne gari kamar an kife kwano.

Babanmu ya fizge daga hannun masu riƙe shi, ya ce, “Malam, ɗana ne! Ka bar ni in mutu da shi.”

Baba Malam ya kama hannunsa ya ce, “Na binne uku, Ɗantsoho, na san abin da ke cin ka. Zauna.”

Sai babanmu ya zauna a ƙasa kamar an sare shi. Daga nan malam ya dafa bakin rijiya ya ce, “Mu yi addu'a.” A nan ne bakina ya buɗe, na yi abin da nake kunyar rubutawa. Na daka wa wannan bawan Allah tsawa a gaban jama'a, na ce, “Addu'a? Mutum yana mutuwa a ƙasa kana cewa addu'a? Ku ba ni igiya!” Ya dube ni da idon da babu fushi a ciki, ya ce, “Idan ka sauka yanzu, Sila, uwarka za ta yi makoki biyu. Durƙusa.” Sai na tsinci kaina a durƙushe.

Ban taɓa sanin cewa tsayawa wuri ɗaya ya fi gudu wuya ba sai ranar. Wana yana ƙasa, tsakanina da shi gaba goma sha ɗaya, ni na tura shi, kuma an ce in rufe ido. Addu'ar malam ba ta da tsawo, muryarsa kamar ta kowace safiya. Na ji yana cewa, “Ya Uba, dabararmu ta ƙare. Irimiya naka ne tun kafin ya zama namu. Cikin sunan Yesu muke kuka gare ka.” Bai ce amin ba, bai kuma ɗauke hannunsa daga rijiyar ba.

Sai muka ji wani sauti daga wajen dutse, kamar babbar mota tana gangarowa inda babu hanya. Na buɗe ido. Guguwa ce, ja wur, tsayinta ya wuce rimi, ta taso ta cikin gonakin da aka girbe tana kwasar kara da ledoji tana wurgi da su sama. Mun saba ganin guguwa a bazara, amma kowa ya san yadda take, ta yi nan ta yi can kamar mashayi. Wannan miƙe take tahowa. Ta zo shingen gidan babanmu ta kauce masa, ta bi ɗan lungun da mata ke bi zuwa ɗiban ruwa. Tsofaffin matan da suka tashi suna jin kakanni na cewa iskoki ne ke tafiya a cikinta suka rufe kai da zane suka watse, samari suka saki igiya suka gudu. Ni ma da ƙafafuna sun ɗauke ni da na bi su. Baba Malam ko ido bai buɗe ba.

Ta zo ta tsaya a kan bakin rijiyar. Tsayawa nake nufi, tana juyawa a wuri ɗaya, rigar malam tana kaɗawa, hularsa ta tashi. Rijiyar ta yi wani gunji kamar an busa bakin tulu, sai na ga da idona shuɗin hayaƙin yana fitowa yana murɗewa a tsakiyar jan ƙurar yana hawa sama, warin fetur ya buge mu har muka shiga tari. Ban san tsawon lokacin ba. Sa'an nan ta saki, kara da ganye suka zubo mana a ka, gari ya koma tsit kamar ba a yi komai ba.

Malam ya ce, “Amin. A kawo fitila.”

Sai da mai kunnawa ya lalata ashana huɗu. Aka zura. Ta wuce rabi tana ci. Ta sauka har gefen ƙafar Yaya, tana ci, harshenta a miƙe. Malam ya ɗauki igiya ya ɗaura mini a ƙugu da hannunsa, ya ja ƙullin sau biyu, ya ce, “Yanzu sauka ka ɗauko ɗan'uwanka.”

Jikinsa da na taɓa sanyi ƙalau, leɓɓansa sun canza launi. Na ɗaura masa igiya a ƙarƙashin hammata ina kuka ina kiran sunansa, aka ja shi, aka ja ni. A sama malam ya kwantar da shi a inuwa, ya kara kunne a hancinsa ya daɗe, sa'an nan ya ɗago ya ce, “Yana nan.” Maƙwabcinmu Malam Shamsuddeen, direban da ke jigilar buhuna zuwa Kano, ihun ya fito da shi daga gida, kuma ya ga ƙarshen abin da idonsa. Ya sauke kayan mutane a bakin hanya ya ce a sa Yaya a mota. Duk hanyar asibitin Rano yana tuƙi yana maimaita salati, can ya ce mini, “Sila, shekarata hamsin, ban taɓa ganin guguwa ta bi lungu ba.”

Kwana biyu Yaya bai san inda yake ba. A rana ta uku da hantsi ina zaune a gefen gadonsa na haɗa kai da gwiwa, sai na ji murya a shaƙe tana cewa, “Kai, ɗan birni. Ka kashe injin nan, ko har yanzu yana shan mai?” Tabita ta yi dariya da kuka a haɗe har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Ni na kifa fuskata a kan katifar, na kasa cewa ya yafe mini, shi kuwa ya ɗora hannu a ƙeyata ya bar shi a nan.

Bai tashi yadda yake a da ba, kada in ƙara gishiri. Har yanzu ciwon kai yana kayar da shi, hannunsa na dama yana rawa idan ya gaji, likita ya ce wataƙila ya daina, wataƙila ba zai daina ba. Ni na noma gonarsa da damina, bana ma ni ne.

Bayan an sallame shi na je wurin Baba Malam, na same shi yana gyaran tayar kekensa. Na durƙusa na nemi gafarar tsawar da na yi masa, ya ce ya manta. Sai na tambaye shi abin da ya hana ni sukuni, na ce, “Baba, ta yaya ka san guguwa za ta zo?”

Ya ce, “Ban sani ba. Ban ma roƙi iska ba.”

Duk tsawon kwanakin nan ina zaton an nuna masa ne, shi ya sa ya iya tsayawa haka. Na ce, “To da ba ta zo ba fa?”

Ya ci gaba da shafa gam a kan facin, ya ce, “Da mun binne Irimiya, da na riƙe ka da ubanka har ku iya tsayuwa. Sau uku na yi irin wannan addu'ar a kan nawa, ba a turo komai ba. Wanda na kira a waɗancan ranakun shi na kira a wannan.”

Guguwar ta girgiza ni, amma wannan maganar ta fi ta.

Wannan shi ne abin da na gani, na rubuta shi domin ɗaukakar Ubangiji da ya ji kukanmu a ranar da ba mu cancanta ba. Allah ya ƙara wa wannan bawa nasa tsawon rai da ƙarfin gwiwa, ya sa a gama da shi lafiya, ya ba Yaya Irimiya cikakkiyar warkarwa, ya sāka wa Malam Shamsuddeen da alheri. Wanda duk ya karanta, ina roƙonsa ya sa ni a addu'a, ko Allah ya ɗibar mini kaɗan daga irin bangaskiyar dattijon nan, domin tawa har yanzu ƙarama ce. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.