Yadda Tsigigi Ya Zama Mai Niƙa a Cikin Barde

Akwai wani, ba zan kama suna ba don ya san kansa, wanda tun da aka haife shi bai taɓa hura wuta ba, amma kullum ka gan shi da tsinken sakace a baki. Don shi na ɗauko wannan tatsuniya. Ga ta nan tafe, ku gyara zama.

Tsigigi ƙwayar cuta ne, dubunsa za su yi rawa a tsinin allura ba su gogi juna ba. Ba tukunya, ba murhu. Kakanninsa ne suka zubar, wai sun yi musu nauyi. A cikin Kaska yake raɓe, ita kuwa sai ta yi watanni ba ta sa komai a baki ba. Yunwa ta kusa aika shi lahira.

Ran nan Kaska ta maƙale a kunnen Ɓaleri, bijimi ɗaya tilo a garken wani makiyayi Gidado. Ta ja wa Tsigigi kunne kan Barde, ƙaton mai gadin jini, wanda aikinsa haɗiye baƙi ya dafa su a cikinsa.

Tsigigi ya ce, "Inna, wanda kowa ke gudu, a gidansa zan ci tuwo."

Ya shafe jikinsa da yawun Kaska, mai sa masu gadi gyangyaɗi, ya sulale cikin jini. Ya je gaban Barde ya yi masa gwalo. Barde ya haɗiye shi, yana ganin ya yi aiki.

Cikin Barde gida ne guda, da rumbuna da barori. Da barorin suka zo kai shi tukunya, sai suka tarar ya naɗe da tabarmar gidan kamar ɗan gida. Ya rantse musu tun jiya aka dafa shi, in ba su yarda ba su tambayi na jiya. Sakarkarun suka koma.

Da gari ya waye ya lura da wata al'adar gidan: in abinci ya yi ƙaranci, sai su farfasa tsofaffin kayansu su kai wa mai niƙa, abin da ya fito su ci. Tsigigi ya bulbula wa kansa gari har gira, ya shiga zagaye yana shelar yunwa ta shigo, ga inji ya kafa a ɗakinsa. Rumbuna cike, amma ba wanda ya leƙa. Suka yi layi da ƙwarya. Abin da duk aka miƙa ta taga, ba ya fitowa. Wata baiwa ta yi ƙarfin halin tambayar ina garinta.

Ya ce, "Uwar ɗakina, niƙan gwani ba a yi masa gaggawa. Ƙaro wani." Ta ƙaro.

Ya ci, ya yi ƙiba, ya hayayyafa har cikin Barde ya fashe. Shi da 'ya'yansa suka bazu gidajen sauran masu gadi, kowa da injinsa.

Wata safiya Ɓaleri ya ƙi kiwo, jiki zafi, kai a ƙasa. Gidado ya duba idonsa, ya ga in ya jira gobe ba shi da sa. Ya hau babur ya ɗauko Malam Ɗanjummai mai allurar dabbobi, aka tsira wa Ɓaleri a wuya.

Tsigigi ya ji hayaniya, ya ƙara gari a fuska, ya fito ƙofa da fara'a.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Ni ɗan gida ne, mai niƙa."

Ruwan allura ya dumfaro shi. Tsigigi ya ce an dafa shi tun jiya. Ya rantse, ya yi kuka, ya kira shi kawu. Ashe duk wayonsa na masu kunne ne, wannan kuwa kurma ne, ba ya tambayar suna. Ruwan ya bi ɗaki ɗaki ya shaƙe 'ya'yan, ya damƙi uban ya yage masa rabin baya.

Da ƙyar Tsigigi ya ja jiki zuwa gindin wutsiya, inda wata sabuwar kaska ke zuƙa, ya faɗa bakinta. Ta cika, ta faɗo cikin ciyawa. Ta tambaye shi wa ya yi masa wannan aika-aika.

Ya ce, "Ni na bar musu gidan, tuwonsu ba gishiri. Gobe ki kai ni wurin jar saniyar can."

Ɓaleri ya tashi, Gidado ya yi hamdala, amma bai wanke sauran garken da maganin kaska ba, wai ai magani ya yi aiki. Ƙurunƙus, kan kaska ba nawa ba. Mai cewa ƙarya na shirga, ya je yanzu ya ɗaga wutsiyar saniyarsa ya duba, sannan ya dawo ya faɗa mini a ido.