Amsar da Zlatka Ta Koyar

Zlatka Peneva ta shekara goma sha ɗaya tana girki a wani ƙaramin masaukin baƙi a garin Tryavna. Hannunta na da daɗi, banitsar da ta gasa, wani gashin fulawa da cuku na ƙasarsu, ba ta kaiwa azahar a faranti. Aibinta ɗaya ne: ba ta iya jin an yabi wani a gabanta ba tare da zuciyarta ta yi baƙi ba.

Da lokacin zuwan baƙi ya gabato, maigidan, Stoimen, ya ce ƙafafunsa sun gaji da tsayuwa. "Wadda ta fi iya gaisawa da Turanci ita za ta zauna a teburin tarbar baƙi na ƙofa. Ranar Asabar zan gani da idona."

Zlatka ta ɗauka kujerar tata ce, domin ta taɓa yin wata shida tana aikin gona a Ingila, kuma ta gaji da zafin murhu. Sai dai akwai Radostina mai gyaran ɗakuna, wadda ke yawo da ɗan littafi a aljihu, tana guga tana bitar gaisuwa. Wata rana Stoimen ya ji ta, ya tsaya ya ce, "Kai, Rada! Kamar a rediyo!" Ranar Zlatka ta ƙona tattasai har tire biyu.

Washegari Radostina ta leƙo kicin da littafinta.

"Yaya Zlatka, ke da kika zauna da Turawa, in sun ce 'How are you?' littafin nan ya ce a amsa 'Fine, thank you.' Shi ke nan? Ko da mutum ba shi da lafiya?"

Zlatka ta san shi ke nan. Ta san gaisuwa ce kawai, ba mai jiran labari. Amma ta goge hannu ta yi tsaki.

"Littafin banza! Wannan amsar ta masu girman kai ce. Bature in ya tambaye ki, gaskiya yake so, daga kai har ƙafa. Me ke damunki?"

"Gwiwata. Ga ɗana yana Jamus, wata biyu bai kira ba."

"To, zauna, 'yar boko. Ni zan jera miki."

Kwana uku Zlatka tana koya mata jerin koke-koke da Turanci, har da tumatirin da ya bushe a lambu. Radostina ta kawo mata kwalbar zuma don godiya. Zlatka ta karɓa ba ta kalle ta ba.

Ranar Asabar wata tsohuwa Baturiya, Madam Winifred, ta sauko karin kumallo. Zlatka ta kai mata shayi. Matar ta ce, "How are you?" Zlatka ta amsa, "Fine, thank you," da ƙarfi yadda Stoimen zai ji, ta koma bakin ƙofar kicin ta tsaya tana jira.

Can Radostina ta shigo da tawul. Aka yi mata tambayar. Ta ajiye tawul ɗin, ta fara daga gwiwa. Stoimen ya dafe goshi. Zlatka ta danne dariya. Da aka zo kan ɗan da bai kira ba, sai tsohuwar ta ajiye kofinta, ta jawo kujera ta ce Radostina ta zauna. Tsohuwar ta fito da hoton 'yarta, wadda ita ma ba ta kira. Sun fi rabin sa'a a nan, da guntun Turanci da nuni da hannu, suna dariya suna share hawaye. Kafin ta tashi, matar ta gaya wa Stoimen cewa tun da mijinta ya rasu ba wanda ya zauna ya yi mata hira haka, kuma za ta ƙara mako guda.

Radostina ta juyo, fuskarta cike da murna. "Maigida, ba ni ba ce. Yaya Zlatka ce ta koya min, kalma bayan kalma. Ta ce gajeriyar amsar ta masu girman kai ce."

Stoimen ya daɗe yana kallon Zlatka. "Ashe? Ke kuma wace amsa na ji kin bayar ɗazu?"

Zlatka ta juya za ta shige kicin.

"Koma wa tattasanki," in ji shi. "Rada, daga Litinin teburin naki ne."

Har yau Zlatka tana kicin. Kowace safiya Radostina takan leƙo ta gaishe ta da Turanci, da zuciya ɗaya, Zlatka kuwa ta amsa cewa lafiya lau take.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, hassada ba ta rage wa wanda ake yi wa komai, mai yin ta take tona wa asiri. Zlatka ta fi kowa sanin Turanci a gidan nan, da ta bar saninta ya yi mata aiki, da wataƙila ita ke zaune a ƙofa. In wani ya zo wurinka neman ilimi, ka ba shi na gaskiya, ko ka ce ba za ka bayar ba.