Lauya Mai Sanyaya Ɗaki

Wani dare, ya 'yan uwa, na ji ana gaisawa a bayan katangata.

Murya ɗaya siririya ce, mai ladabi, irin ta mai neman alfarma. Ta ce, "Barka da hutawa, ranka ya daɗe." Ɗayar mai kauri ce, tana jan harshe. Ta ce, "Yawwa, barka kadai." Siririyar ta tambayi jiki, ta tambayi gajiya, ta tambayi iyali, mai kaurin tana amsawa. In sun kai ƙarshe sai su koma farko.

Ni mutum ne mai son abin mamaki. Na taɓa ganin kyanwa tana shayar da ɗan kwikwiyo, na taɓa ganin agogon bango mai tafiya da baya. Don haka na zaci aljanu ne ke sada zumunci. Sai da na kasa kunne sosai na ji muryoyin biyu tari iri ɗaya suke yi. Mutum ɗaya ne. Shi ke gaishe da kansa, shi ke amsawa.

Ku gyara zama ku ji yadda ɗan Adam ke kai kansa wannan wuri.

An yi wani mutum, lauya ne, kuma maƙwabcina ne. Aikinsa shi ne tsaya wa masu kamfanoni da masana'antu. Shi ke rubuta musu takardar ɗaukar ma'aikata, shi ke ba su shawara in rigima ta tashi da ƙungiyar ƙwadago, shi ke shiga kotu a madadinsu. Kada wani ya ce sana'ar ce haram. Mai dukiya ma yana da haƙƙi. Akwai ma'aikaci ɓarawo, akwai mai barci a bakin aiki, kuma dole a samu mai tsayawa ya faɗi gaskiyar mai gida. Na san lauyoyi masu irin wannan aiki da ke duban idon attajiri su ce masa, "Ka biya bawan Allah nan, ba ka da gaskiya." Shi ma da haka ya fara.

Abin da ya ɓata shi wata dabara ce da ya ƙirƙiro, har ya raɗa mata suna. Yana ce mata sanyaya ɗaki.

Ga yadda take. Mai kamfani zai zo ofishinsa, ya zauna a kujerar fata, ya ce akwai ma'aikacin da ya ishe shi, amma doka ta ce ba a kora sai da dalili, kuma in an kora sai an biya haƙƙin sallama. Sai lauyan ya yi murmushi ya ce, "Wa ya ce ka kore shi? Kora tana da tsada, tafiya kyauta ce. Ka sanyaya masa ɗaki, zai fita da ƙafarsa."

Kada a zage shi. Kada a taɓa albashinsa, a biya shi cif a ranarsa. Kada a rubuta masa komai. A dai canza masa wurin zama, a ce don jin daɗinsa ne. A janye aikin hannunsa kaɗan-kaɗan, a ce ana so ya huta. Sannan a bar sauran ma'aikata su fahimci cewa mai gida ba ya son ganin kowa a ƙofar wane. Ba sai an faɗa musu ba. Mai iyali yana jin ƙamshin hatsari tun daga nesa.

Yakan ce, "Doka ta hana duka, ta hana zagi, ta hana kora ba dalili. A nuna min inda ta wajabta gaisuwa."

Kun ji, ya 'yan uwa? Mutum ya binciki littattafan shari'a kaf, ba don ya ga inda adalci yake ba, sai don ya gano ramin da ba a toshe ba. Karatuna bai yi nisa ba, amma na san ɓera ma haka yake yi a rumbu, kuma ba a ce masa malami.

A wata masana'antar takalma akwai wani dattijo mai yankan fata. Ana ce masa Rediyo, domin tun daga ƙofa yake fara gaisuwa, ba ya kai wa teburinsa sai ya tambayi kowa lafiyar 'ya'yansa da sunayensu. In ya yi shiru, abokan aikinsa kan ce, "A duba Rediyo, ko an ɗauke wuta." Laifinsa ɗaya. Injin yanka ya ci yatsun wata ma'aikaciya, shi kuma ya faɗa a gaban jama'a cewa murfin injin ya daɗe da cirewa. Mai masana'anta ya garzaya wurin lauya.

Aka kai Rediyo wani ɗaki a ƙarshen sito, inda ake tara karyayyun kujeru da kwalayen da ruwa ya jiƙa. Tagar ɗakin bango take kallo. Aka ba shi tebur mai kyau, ba komai a kansa. Da safe ya zo, da yamma ya tashi. In ya fito shan ruwa ya ce, "Sannunku da aiki," sai kowa ya sunkuya kan injinsa. Waɗanda ya koya wa riƙe wuƙa suka riƙa canza hanya in sun hango shi. Mutumin da magana ce abincinsa, sai ga shi yana hira da gizo-gizo.

Da abin ya kai masa wuya, ya ɗauki butarsa da hularsa ya fita, bai koma ba. 'Yan ƙwadago suka kai ƙara. A kotu lauyan ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya tambaye shi cikin taushin murya.

"Baba, an zage ka?"

"A'a."

"An rage maka albashi?"

"A'a."

"Wani ya ce ka tafi?"

"Ba wanda ya ce."

"To me aka yi maka?"

Dattijon ya dubi lauyan. Can ya ce, "Ba a yi min komai ba, yallaɓai. Ai shi ne abin."

Aka yi dariya, aka kori ƙara. Rediyo ya koma gida ya zauna a bakin ƙofa, kuma waɗanda suka san shi sun ce daga nan bai sake fara gaishe da kowa ba har ya bar duniya.

Amma a ranar shari'ar, a barandar kotu, matar Rediyo ta tare lauyan. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗan nan, ba zan roƙa maka mutuwa ba, mutuwa hutu ce. Allah ya ba ka tsawon rai a cikin mutanen da ba za su yi maka komai ba."

Ya ce da ita, "Iya, wannan addu'a ce ko tsinuwa? In addu'a ce, amin."

Da bakinsa ya ce amin. Ni wannan ne ya fi ba ni mamaki a labarin duka.

Shekaru suka tafi, dukiya ta zo. Ya gina bene, ya sa sunansa a allon ƙarfe. Kamfanoni suka riƙa aiko manajojinsu ya koya musu sanyaya ɗaki kamar yadda ake koyar da tuƙi. Akwai gidaje da yawa da aka daina ɗora tukunya saboda shi, kuma ba a taɓa samun sa hannunsa a takardar kora ko ɗaya ba. Hannunsa fes.

Wanda ya saba da wuƙa a kasuwa, da ita yake shiga gida. Da ya gaji da uwar 'ya'yansa, bai sake ta ba, bai ɗaga mata hannu ba. Ya dai daina amsa sannunta. Za ta ajiye abinci, ya ci, ya tashi, kamar iska ce ta kawo. Ta yi haƙuri har haƙuri ya gaji, ta tattara kayanta ta koma gidan 'yan uwanta, ta rasu a can. Ya ce wa dangi, "Ni ban kore ta ba."

Babban ɗansa yana kallo. Shi ne kuma ya karanci shari'a, uban ya ɗauke shi ofis, ya koya masa komai, yana alfahari da shi yana cewa, "Wannan ya fi ni sanyin hannu."

Sai Allah ya aiko da ciwo. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun ya mutu, harshe ya yi nauyi. Amma aka bar masa hankalinsa garau, kuma ina ganin da gangan aka bar masa. Da ya ɗan murmure ya koma ofis yana jan ƙafa. Ɗan ya roƙe shi ya miƙa masa ragamar aiki. Uban ya ce sai dai bayan ransa. Ɗan bai yi musu ba. Ya ce, "Yadda ka ce, Baba."

Washegari ya tarar an sauko da teburinsa ƙasa, kusa da ɗakin tsofaffin takardu. Ɗan ya ce, "Saboda matakala, Baba, kada ka wahala." Sai shari'o'i suka fara raguwa a gabansa, wai likita ya ce ya huta. Sai wayar teburinsa ta daina ƙara. Sai akawun da ya ɗauka aiki da hannunsa ya wuce ƙofarsa yana duban silin.

Ya 'yan uwa, Rediyo bai san abin da ake yi masa ba, a duhu ya sha azabarsa. Wannan kuwa ya san kowane mataki, ya san mai biye masa, kamar mahaucin da aka kwantar yana jin ana wasa wuƙarsa. Akwai azabar da ta fi wannan?

Ya kira wani tsohon abokinsa lauya, ya ce zai kai ɗansa kotu. Abokin ya saurare shi, ya ce, "Ya zage ka? Ya hana ka rabonka? Ya ce ka tafi?" Duka ya ce a'a. Abokin ya ce, "Kai ma ka san ba ka da ƙara. Tsohon hukuncin da za su kafa hujja da shi a kayar da kai, kai ne ka ci shari'arsa."

Ya daina zuwa ofis da ƙafarsa.

A gida ma ɗan ya tare da matarsa da 'ya'yansa, wai don kula da tsoho. Aka mayar da shi ɗakin baya, mai jingine da katangata, wai ya fi shiru. Abinci a kan lokaci. Magani a kan lokaci. Kaya a wanke a goge, a ajiye a bakin ƙofa. In jikoki sun nufi wajen sai uwarsu ta ce, "Ku dawo, kakanku yana hutawa." Duk mai zuwa dubiya, amsa ɗaya ce, yana hutawa. Ya huta har ya fara raba muryarsa biyu.

Bayan daren da na ba ku labari, na leƙa ta kan katanga na ce, "Sannu, maƙwabci." Ya dube ni da ido ɗaya ya ce, "Wa ya aiko ka? Me kake so?" Ya manta cewa ana gaisuwa don Allah. Ruwa ya zo bakinsa, ya kasa sha.

Wata safiya aka nemi tsoho aka rasa. Da aka gano shi, a wata tashar mota ce can bayan gari, yana zaune a ƙasa kusa da masu lodi, rigarsa duk ƙura. Duk wanda ya sauko daga mota sai ya ce masa, "Sannu da zuwa." Matafiya suka ɗauka bara yake yi, suna jefa masa canji ba tare da sun dube shi ba. Masu lodi sun ce yana ture kuɗin yana cewa, "Amsa kawai." Kafin a iso da mota a ɗauke shi, rai ya yi halinsa.

To, ya 'yan uwa, ga darasi, ba zan lulluɓe shi ba. Zalunci ba sai da sanda ba. Akwai wanda ake yi da shiru, da murmushi, da biyan albashi a kan lokaci. Alƙalin duniya yana tambayar me aka yi. Alƙalin gobe zai tambayi me aka hana. Kai mai kamfani, in ka gaji da ma'aikacinka, ka dube shi ka faɗa masa, ka ba shi haƙƙinsa ya tafi da mutuncinsa. Kai lauya, an ɗauke ka ka kare mai gida daga zalunci ne, ba don ka wasa masa haƙora ba. Kai kuma da ka sunkuyar da kai don kada a gan ka kana gaishe da abokin aikinka, da kafaɗarka aka ɗauki gawar.

Kada kuma wani ya yaba wa ɗan. Allah kan bugi azzalumi da azzalumi, sannan ya jefa sandar a wuta. 'Ya'yansa suna kallo, kamar yadda shi ma ya kalla.

Ya Ubangiji, kada ka sa wayonmu ya zama igiyar wuyanmu. Kada ka bar mu a hannun waɗanda muka koya wa mugunta. Ka tsare mu daga addu'ar wanda ba shi da kowa sai kai. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye bayanmu.

Mun je ta'aziyya. Ɗan yana zaune a tsakar gida cikin fararen kaya, manyan mutane kewaye da shi, yana gaya wa kowa cewa ba abin da tsoho ya rasa, ba wanda ya ce masa ko kanzil, shi ya fita da kansa. Kowa yana cewa sai haƙuri.

A cikinmu akwai wani maƙwabci, tsohon direba, kunnensa ya yi nauyi, don haka ba ya iya magana ƙasa-ƙasa. Da muka tashi tafiya ya kama sakatar babbar ƙofa zai zare, ta ƙi. Ya sa hannu biyu, ya tokare da ƙafa, da ƙyar ta motsa. Ya tsaya yana haki, ya juyo ya dubi masu gida, ya tambaya da muryar da duk gidan ya ji.

"Wai ni kam, marigayin nan da hannu ɗaya, wa ya zare masa wannan sakata?"