Ashiru da Ramin Azola

Akwai wani magidanci a Gazawa mai suna Ashiru. Da dusa ta yi tsada, sai ya haƙa rami a bayan ɗaki, ya shimfiɗa leda, ya zuba ruwa da kashin shanu, ya shuka azola, ɗan ganyen nan da ke yaɗo a kan ruwa. Da ita kajinsa ke rayuwa, da ƙwansu gidan ke ci.

Maƙwabta suka yi ta zuwa roƙon iri. Tafin hannu guda ya isa mutum ya fara. Ashiru ya hana kowa.

Ran kasuwar Agiye, da zai fita, ya hangi maƙwabcinsa Sabi'u yana leƙe ta kan darni. Nan take ya jawo baƙar leda ya lulluɓe ramin ruf, ya danne da duwatsu.

Matarsa Lubabatu ta ce, "Maigida, bazara fa ake. Ka bar mata ƙofar iska."

"In na dawo na iske dutse guda ya gusa, ni da ke ne."

Ya hau babur ya tafi.

Rana ta take. Lubabatu ta taɓa ledar, ta janye hannu da sauri. Kaji sun kewaye ramin baki buɗe. Can wani wari ya fara tasowa.

Ta kira wayarsa, ba ta shiga. Ta sake kira. Ta kama dutse, ta tuna fuskarsa, ta saki.

Sabi'u ya ɗaga murya daga waje: "Amarya, miyar mi ake dafawa a ramin nan? Ki buɗe mana!"

Da warin ya cika gidan ta ce bismilla, ta yaye ledar. Tururi ya buge ta. Koren nan duk ya dahu, ya yi baƙi.

Da la'asar Ashiru ya dawo. Ya durƙusa yana laluben ruwan da yatsu, ko ganye guda mai rai babu.

Ya ce, "Luba, wa ke da iri a garin nan?"

Ta miƙa masa ruwan sha, ta zauna kusa da shi. A hankali ta ce, "Wa ka ba?"

Darasi: Abin da ka raba wa mutane ajiya ce, abin da ka ƙulle kai kaɗai rana guda ta ishe shi. Ku tura wa 'yan'uwa, kada ku yi rowar labarin nan ma.