Alamomin Mai Tsaron Gada

Akwai wani mutum mai tsaron gada, a inda hanyoyi huɗu suka rabu. Duk saƙon da ya ƙetaro kogi a hannunsa yake sauka, shi kuma ya ɗora shi a kan hanyar mai shi. Yana da babban allo mai sunayen mutanen ƙauyuka da hanyar kowa. Gaban kowane suna ya sa alama, wani zobe, wani layi, wani ɗigo, amma bai rubuta ma'anar ko ɗaya ba.

Matarsa ta sha ce masa, "Maigida, ka rubuta fassarar zane-zanen nan naka mana."

Shi kuwa sai ya ce, "Haba! Abin da yake a fili?"

Ana nan, gab da shuka, zazzaɓi ya kwantar da shi, ƙanensa ya zauna a gadar. Sai aka kawo buhun irin gero, wanda wani mutum ya aiko wa tasa uwar, wata gwauruwa. Ƙanen ya duba allo, ya ga sunanta, da hanyar gabas, da ɗigo. Ya yi ta kallon ɗigon, ya yi tsaki, ya ɗora buhun a kan jakin da ke zuwa gabas.

Ashe ɗigo na nufin kada a aika, mai kayan zai zo da kansa. Gama gwauruwar ta bar gabas tun bara, ta dawo wurin 'yarta a gindin gadar. Da ta zo washegari, buhu ya riga ya tafi. Kwana goma sha biyu yana yawo ƙauye ƙauye. Kafin ya dawo, ruwan shuka ya wuce.

Da mai gadar ya ji, ya taso yana rawar ɗari. "Kai, ba ka da ido ne? Ba ga ɗigo ba?"

Ƙanen ya ce, "Na ga ɗigo, Yaya. Har kashin ƙuda na gani a allon nan. Wanne ne ya yi mini magana?"

Gwauruwar ta ce, "Ku gama faɗanku, 'ya'yana, sa'an nan ku faɗa mini abin da zan ci bana."

Mai gadar ya ɗebo mata daga rumbunsa, ya zauna ya rubuta ma'anar kowace alama a ƙarƙashin allon.

Ma'anar wannan misali ita ce: mai gadar shi ne duk wanda Ubangiji ya danƙa wa Maganarsa domin ya miƙa wa wasu, ko malami, ko dattijo, ko uwa a gida. Alamomin su ne manyan kalmomin da muka saba furtawa, alheri, fansa, tuba. Muna jefa wa mutane su, in sun ɓace hanya kuma mu hau faɗa! 'Yan'uwa, har yaushe? Abin da yake a fili a kanka ba a fili yake ga ɗan'uwanka ba, kuma mai shan wahalar sau da yawa wani ne can da bai san kun yi ba.

Yau in ka koma gida, ka bayyana kalma ɗaya ga mutum ɗaya. Sa'an nan ka yi shiru, ka bar shi ya faɗa maka da bakinsa.