Ranar da Lubabatu ta Ajiye Usur

Ku gyara zama, ku kife wayoyin nan, yau da aiki na zo muku. Labarin ba shi da tsawo, amma gardamar da ke bayansa ban ga alamar za mu gama ta kafin a kira magariba ba.

A wani babban ɗakin taro a Bauchi aka yi gasar mutum-mutumi ta 'yan sakandare. Kun san irinta: yara su shekara suna harhaɗa ƙarafa da wayoyi da batir, su fito da wata 'yar na'ura mai tayoyi da hannu ɗaya, su riƙa tuƙa ta da rimot. Aikin wannan shekarar shi ne kwashe ƙananan buhuna daga tsakiyar fili zuwa wani ɗan rumbu na kwali cikin minti biyu. Dokoki biyu ne ba a wasa da su. Da an busa usur, hannun mutum ba ya taɓa na'ura. Sannan ba a taka shimfiɗar filin da takalmi, domin ko ƙwayar yashi tana iya karkatar da taya. Shi ya sa duk mai shiga fili yake barin takalmansa a bakin ƙofa wurin Iya Tabawa, wata dattijuwa mai tuyar ƙosai da ta rako jikarta kallo shekara uku da suka wuce, daga nan ta maƙale ta zama 'yar sa-kai.

Alƙaliyar wasan ƙarshe Lubabatu ce, yarinya mai sanyin hali da ke aikin haɗa sola. Ita ma sa-kai ta zo. Ita da wani alƙali ne kaɗai suka san dokokin ciki da bai, to shi ɗin ciwon ciki ya kwantar da shi tun da hantsi, saboda haka komai ya dawo wuyanta. Sai da aka kira makarantun da suka kai ƙarshe gabanta ya faɗi, domin mai horar da ɗaya daga cikinsu Malam Ɗan'azumi ne. Shi ya fara ɗora mata ƙarfen dalma na liƙa wayoyin lantarki a hannu tana 'yar aji biyu, shi ya taka har gidansu ya roƙi mahaifinta a bar ta ta yi karatun lantarki. Ko a kasuwa ta hango shi sai ta durƙusa.

Aka busa, aka fara. Saura 'yan daƙiƙu a tashi, na'urar yaran Malam ta sarƙe a gefen rumbu, sai kuma ga ta ta kuɓuce ta jefa buhun ƙarshe. A daidai wannan lokaci Lubabatu ta ga wani abu ya gifta, kamar hannu, kamar gefen hijabi, kamar inuwar fanka. Kafin ta yi tunani bakinta ya riga ya busa usur, ta ɗaga jan kati, ta ce an taɓa na'ura, an cire maki biyar.

Malam ya zabura ya miƙe har hularsa ta karkace. “Lubabatu! Ni za ki yi wa haka? Ni?”

Shi ke nan, kamar jira ake yi. Iyaye suka ɗauka, 'yan kallo suka taya, har waɗanda ba su san me ake cire wa maki ba suka shiga ihu. Wani ya ce an saye ta, wata ta ce ina yarinya ina alƙalanci, wani marar kunya ya jefo ledar ruwa ta fashe a gabanta. Ni abin da ke ba ni haushi ke nan da mutanenmu: wanda ya bar aikinsa ya zo yi wa 'ya'yanku hidima, shi kuka fi raina wa wayo. Lubabatu ta tsaya kanta ya ɗaure. Gwiwoyinta suna so su durƙusa yadda suka saba, rigar alƙalanci tana cewa ta tsaya. Mafi muni, da ta sake lalubo abin a zuciyarta sai ta kasa rantsuwa cewa hannu ta gani. Kunya da tsoro suka rufe ta. Ta cire usur ta ajiye a kan tebur, ta nufi ƙofa tana hawaye. In ta fita kuwa babu mai yanke hukunci, babu zakara, wahalar shekara guda ta yara ta tashi a banza.

To ga ta farko a cikin mutum ukun da nake so ku sa wa ido. Lubabatu na isa ƙofa ta ce, “Iya, ba ni takalmana.” Iya Tabawa ta dube ta, ta dubi tulin takalman, ta ce, “Wane iri ne ma, 'yar nan? Idon nawa ba ya gani sosai.” Ta shiga ɗago na maza tana tambaya ko su ne, ta ɗago silifas na yara, ta ɗago ƙafa ɗaya na wannan da ƙafa ɗaya na wancan. Alhali tun da ta ga an ajiye usur ta jawo takalman Lubabatu ta zauna a kansu, ta baza zane. Waje rana ta take, tsakuwar harabar tana ƙuna, ba mai taka ta da ƙafa tsirara har bakin titi. Haka Iya ta riƙe ta minti goma cur da ƙarya da wasa da hankali. Ba don wannan zaman ba, da abin da ya biyo baya ya tarar da Lubabatu a cikin Keke Napep.

Ga ta biyu. A cikin waɗannan mintoci goma, Zulai, yarinyar da ke kula da rumbu a ƙungiyar Malam, tana tsaye a gefen fili. Ita ce ta zungure na'urar da ɗan yatsa, ba wanda ya gani sosai, kuma da farko ta yi gum, tana jin ana zagin mai gaskiya. Da ta hango alƙaliya a ƙofa tana kuka tana neman takalmi, sai abin ya fi ƙarfinta. Ta ratsa ta karɓi makirufo daga hannun mai sanarwa, ta ce, “Ni na taɓa. Anti ta gani daidai. Malam, ka yi haƙuri.” Ta san da wannan maganar ta zubar wa abokanta kofin da suka shekara suna nema, ta kuma ƙaryata malaminta a gaban jama'a. Ba don ita ba, da har Lubabatu ta tsufa ba za ta san ko zalunci ta yi ko adalci ba.

Amma kada ku ɗauka ɗakin ya yi shiru. Ihun ne ya sauya hanya kawai. Wasu suka ce tsorata yarinyar aka yi, wasu suka koma kanta suna ce mata munafuka. Lubabatu kuma, ko da ta ji gaskiyarta ta fito, ta kasa ɗaga ƙafa, domin komawa fili yana nufin ta tsaya a kan malaminta ta ce ya yi kuskure.

Sai na uku. Malam Ɗan'azumi ya tafi tebur ya ɗauki usur ɗin, ya ratsa ɗakin a hankali har ƙofa. Mutum mai furfura, wanda rabin malaman da ke wurin ɗalibansa ne, ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa a gaban yarinyar da ya koya wa riƙe ƙarfen dalma, ya miƙa mata usur da hannu biyu. Ya ce, “Ranki ya daɗe, Alƙaliya, na yi laifi. A zo a yanke mana hukunci.” Ɗakin ya yi tsit har ana jin ƙarar fanka. Wanda ya jefo ledar ruwa da kansa ya je ya nemo tsumma. Ba don wannan durƙuson ba, da ba wanda zai saurari hukuncin, kuma da ita ma ba ta koma ba.

Ta koma, ta tabbatar da cire maki biyar, yaran Malam suka faɗi da tazarar maki uku.

Yanzu ga inda gizon yake saƙa. A wannan gasa akwai garkuwa guda ɗaya da ake kira Garkuwar Ladabi, alƙali ne ke rubuta sunan wanda ya fi kowa girmama masu hidima, kuma suna ɗaya tak ake rubutawa. Aka miƙa wa Lubabatu takarda da biro. Ta dubi Iya, wadda ta tsare ta, amma da ƙarya ta tsare ta, har yanzu ma tana zaune a kan takalman. Ta dubi Zulai, wadda ta wanke ta, amma ita ce ta karya dokar tun farko ta kuma yi shiru ana zaginta. Ta dubi Malam, wanda ya kashe wutar, amma shi ne ya kunna ta. Ta rubuta harafin farko ta soke, ta sake rubutawa ta soke, har takardar ta huje. An ce mai sanarwa ya kira ta sau uku tana tsaye ba takalmi, biro a hannu, ta rasa ta ina za ta fara.

To ga biron na miƙo muku. Tsakanin Iya Tabawa da Zulai da Malam Ɗan'azumi, sunan wa za ku rubuta?